Ƙafar Uwaisu a Hannun Hamisu Mai Allura

Rigimar da ta kai Uwaisu gidan yari ta ruwa ce. Shi da maƙwabcin gonarsa Zayyad suna noman tumatir na rani a fadamar Kurmin Kogi, rami ɗaya suke jan ruwa. Da ruwan ya ja baya sai magana ta yi zafi. Zayyad ya kai masa sara da fartanya, ta same shi a ƙafar dama, shi kuma ya ɗaga ƙotar tasa ya sauke wa Zayyad a ka. Aka kwashi Zayyad sai asibiti, aka kwashi Uwaisu sai wajen 'yan sanda. Alƙali ya ce a ajiye shi a gidan yari har a ga yadda jikin mai raunin zai kasance.

Matarsa Zulai ba shari'ar ce ta fi tsaya mata a rai ba, ƙafar ce. Uwaisu yana da ciwon suga, kuma an taɓa gargaɗinsu a asibiti cewa ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa kada su yi sakaci da ita.

Ranar da aka yarda a kai ziyara, ta bar yara wajen surukarta, yayanta Saminu ya goya ta a babur. Gidan yarin ƙarami ne, tsohon gini mai doguwar katanga a wani gari na yankin. A bakin ƙofa wani gandiroba ya buɗe kwanon dambun da ta kawo, ya sa ta ci loma ɗaya a gabansa, sannan ya nuna musu benci a gaban wata taga mai waya.

Da aka fito da Uwaisu, wani fursuna ne ke riƙe da shi. Ba ya taka ƙafar sai da diddige. An naɗe ta da bandeji, ruwan ciwon ya huda ya bushe, kuma tun kafin ya zauna Zulai ta ji warin.

Suka gaisa, ya tambayi mahaifiyarsa da yara, ya tambayi tumatir ko an samu mai ba shi ruwa.

"Malam, ƙafar nan fa?"

"Da sauƙi. Dokta yana ƙoƙari, kullum sai ya yi mini allura."

Zulai ta sauke ajiyar zuciya. "Ashe akwai likita a nan. To, alhamdu lillahi. Ka gaya masa kana da suga?"

"Na gaya masa. Ya ce ba komai. Ga shi nan ma."

Wani mutum ne ya fito daga wani ɗaki kusa da ƙofa, sanye da farar riga irin ta asibiti, abin sauraren ƙirji rataye a wuyansa. Yana tafe yana yi wa wani faɗa a kan shan magani. Muryar Zulai ta fara ganewa kafin fuskar.

Hamisu ne, wanda duk ƙauyukan nan ake kira Hamisu Mai Allura. Shekara da shekaru yana yawo a babur da akwatinsa, daga Saulawa har Dandamisa, yana yi wa mutane allura da ƙarin ruwa a zaurukansu. Bai yi karatun likita ba, yaron wani mai kemis ne a da. Bara da damina aka kira shi ya duba Samira, 'yar yayar Zulai, mai zazzaɓi. Zulai ce ta riƙe yarinyar a cinya ya sa mata ruwa, ya zuba wata allura a ciki. Ruwan bai kai rabi ba yarinyar ta sandare a hannunta. Da aka kama shi daga baya, bayan ya sake yin irin haka a Saulawa, Zulai na cikin waɗanda suka je suka faɗi abin da suka gani.

Ta dubi ƙasan farar rigar, ta ga wandon fursunoni.

Hamisu ya matso tagar, ya ƙura mata ido, sai ya yi murmushi.

"A'a, Zulai ce? Ashe maigidanki ne. Ikon Allah. To, kwantar da hankalinki, yana hannuna."

Ya dafa kafaɗar Uwaisu ya ce, "Ki gaida mutanen gida," ya wuce.

Suna fita Saminu ya tambaye ta ko ta san mutumin. Da ta gaya masa, ya juya ya nemi ganin babba. Bayan dogon jira aka shigar da su wajen wani jami'i mai suna Ismail, mataimakin mai kula da gidan. Mutum ne mai furfura a gemu, bai yi musu tsawa ba, ya bari Saminu ya gama.

"Na ji ku," in ji shi. "Kuma ba ƙarya kuka faɗa ba, Hamisun ma shari'a yake jira. Amma bari in tambaye ku. Mutum ya faɗi yana amai da gudawa, ko ya fasa kai, wa zan kira? Muna da nas a da, ya yi ritaya, ba a turo wani ba. Mun rubuta, mun sake rubutawa. Likita guda ce ke duba mu da sauran gidajen da ke wannan shiyya, tana can birni. Rabon da ta taka nan tun kafin azumi."

"Ranka ya daɗe, to a kai shi asibiti mana," in ji Saminu.

"Da izinin wa? Sai likita ta gan shi ta ce a fitar. In na fitar da mai jiran shari'a a kan raɗin kaina ya gudu, ni zan maye gurbinsa. Wannan da kuke gani ya san sunan magunguna, ya iya allura, ya iya ɗaure ciwo. Mu ba mu iya ba."

Zulai ta yi magana a karo na farko, muryarta can ƙasa. "Yallaɓai, a hannuna yarinyar ta mutu."

Ismail ya sunkuyar da kai yana juya biro a hannunsa. "Allah Ya jiƙanta. Zan sa ido," kawai ya ce.

A gida Zulai ba ta gaya wa surukarta ba, tsohuwar tana da hawan jini. Ta riƙa aikinta tana tunani ɗaya. In tana daka sai ta tsaya da taɓarya a hannu, ta ga Hamisu yana zuƙo ruwan allura daga kwalba. Ya riƙe ta a zuciya ne? Zai rama a kan Uwaisu? Wa zai sani in ya yi? A can ciki mutum ya mutu, sai dai a ce kwana ya ƙare.

Da ranar ziyara ta zagayo, ba a fito da Uwaisu taga ba. Gandiroban ya ce ba ya iya tashi. Zulai ta durƙusa a ƙasa tana roƙo har Ismail ya ji, ya ce a bar ta ta leƙa, ita kaɗai.

Ɗakin da suke kira kilinik bai fi rumfar mai shayi girma ba. Gado ɗaya ne na ƙarfe, da kabad, da bokiti. Mutum biyu na kwance a tabarma, ɗaya yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Uwaisu ne a kan gadon. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, jikinsa kamar garwashi.

Hamisu ya tarbe ta da fara'a. "Zo ki gani da idonki, kada a ce an ɓoye miki."

Ya warware bandejin. Zulai ta toshe baki da mayafi. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, ƙafar ta kumbura har idon sawu, wani jan layi ya hau ƙauri.

"Mugun jini ne ya taru," in ji Hamisu. "Allura ta yi nata, saura a buɗe masa hanya. Jibi in an sauko daga masallacin Juma'a zan tsaga, in cire wanda ya mutu. Na sa a kawo mini sabuwar reza da auduga. Na yi irin wannan ya fi a ƙirga."

Ta dubi fuskarsa tana neman mugunta, ba ta gani ba. Babu alamar ƙiyayya ko ramuwa. Yadda yake magana yanzu, haka ya yi magana ranar Samira, cikin natsuwa da tabbaci, kamar wanda bai taɓa kuskure ba. Wannan ya fi ba ta tsoro fiye da a ce haushinta yake ji.

"Yana da suga," ta ce.

"Na sani. Suga ba ya hana aiki."

Da Hamisu ya juya wajen mai tarin, Uwaisu ya kamo gefen mayafinta.

"Zulai, na ji kun je wajen Oga Ismail. Don Allah ki bari."

"Malam, ka san ko wane ne wannan."

"Na sani. Amma duk gidan nan shi kaɗai ke taɓa mu. Shi ke wanke mini ƙafar, shi ya ɗauke ni zuwa bayi. In kika sa aka hana shi, wa ya rage? Mutanen ɗakinmu ma ba za su yafe mini ba."

Gandiroba ya buga ƙofa ya ce lokaci ya yi.

A bakin ƙofar waje Ismail ya biyo su kamar zai sayi goro. Ya tsaya kusa da babur ɗin Saminu, bai dube su ba.

"Na ga ƙafar," ya ce. "Na kira likita, wayarta ba ta shiga, in ta shiga ba a ɗauka. Sunanta Dokta Mukarrama. Gobe tana babban gidan yarin birni. Ku je ku tsaya har ku gan ta. Kada ku ce ni na turo ku."

Washegari suna idar da sallar asuba suka kama hanya. A Makarfi manyan motocin rake sun tare titi, wata ta kafe a tsakiya, sai da Saminu ya bi ta lungu. Zulai na baya tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Hantsi ya yi sosai kafin su isa.

A can ma aka ce su jira. Suka zauna a gindin wata bishiya, suna ganin ana shiga da marasa lafiya ana fita da su ta wata ƙofa. Aka kira azahar suna zaune. Sai bayan nan wata mata ta fito da jaka a hannu, siririya, idanunta sun yi ja don gajiya. Mai gadi ya yi musu nuni da haɓa. Zulai ta tashi da gudu ta sha gabanta.

"Ranki ya daɗe, ke ce likita? Don Allah, mijina."

"Baiwar Allah, ki zo ranar ziyara, yanzu wani wurin zan tafi."

"Ba a nan yake ba." Ta faɗi sunan garin. "Yana da suga, ƙafarsa ta yi baƙi, gobe Dokta zai yanka."

Matar ta tsaya. "Wane Dokta?"

"Na can."

"Babu likita a can. Ni ce likitan can."

Saminu ya matso ya yi bayani tun daga farko. Yana magana fuskar Dokta Mukarrama na canzawa. Ta ajiye jakar a kan mota.

"Ya kai wane lokaci yana wannan aikin?"

"Tun da nas ɗinsu ya tafi, in ji su."

"Na je can sau ɗaya bayan tafiyar nas. Aka jera mini marasa lafiya, na duba, na rubuta magani, na wuce Kudan wajen wani aikin. Ban tambayi wanda ke ba su maganin ba." Ta dafe goshi. "Ban tambaya ba. Yatsun sun yi baƙi, kika ce? Akwai jan layi a ƙafar?"

"Har nan." Zulai ta nuna ƙaurinta.

Likitar ta ciro waya, kiraye-kirayen da ba ta ɗauka ba sun cika fuskar wayar. Ta kira Ismail. Zulai ba ta jin abin da ake faɗa a can, fuskar likitar kawai take kallo. Ta ga ta rufe ido.

"Yaushe? Ku danne wurin da ƙyalle mai tsabta, ku ɗaga ƙafar sama. Kada ya ƙara taɓa shi. Na ba da izini, ku fitar da shi yanzu." Ta saurara. "To ku nemo wata motar! Ina zuwa."

Ta dubi Zulai. "Shiga mota. Kai kuma biyo mu."

"Me ya faru?"

"Zazzaɓin ya tashi da safe, mijinki ya fara sambatu. Mutumin ya ce ba za a jira gobe ba. Ya riga ya yanka."

Zulai ba ta tuna yadda ta shiga motar ba. Ta dai tuna gonakin rake suna wucewa ta taga, da hannun likitar a kan sitiyari, da yadda take ta kiran waya tana tambayar asibiti ko akwai jini. Ita kuwa ta ƙanƙame hannuwanta a cinya, a daidai inda ta taɓa riƙe Samira, tana jin nauyin yarinyar kamar yanzu aka ɗora mata.

Da suka isa, motar gidan yarin na tsaye an buɗe murfin injinta, ta ƙi tashi. An aika neman wata ba a dawo ba. Likitar ta wuce kai tsaye, Zulai na binta, ba wanda ya tare su.

Jini ya jiƙa katifar ya sauka ƙasa. Wani gandiroba na danne da ƙafar da tawul, fuskarsa a juye. Idanun Uwaisu a buɗe suke kaɗan amma ba ya ganin kowa. Hamisu na tsaye a jikin bango, farar rigar ta ɓaci har gwiwar hannu.

"Jinin ne ya ƙi tsayawa," ya ce wa likitar, kamar mai yi wa abokin aiki bayani. "Ban taɓa ganin irinsa ba. Amma mugun ya fita."

"Me ka yi masa na kashe zafi?"

"Mutum huɗu suka riƙe shi."

Likitar ta juya wajen gadon. Ta ɗaure ƙafar, ta laluba jijiya a hannun Uwaisu, ta daɗe kafin ta samu, ta sa masa ruwan da ta zo da shi. Zulai ta ga robar ruwan a rataye, sai ta tuna ranar Samira, ta dafa ƙofa.

"Riƙe wannan sama," in ji likitar, ta miƙa mata robar. "Kada ki sauke."

A bayan motar likitar aka kwantar da shi, kansa a cinyar Zulai, hannunta ɗaya a sama da robar ruwa. Gandiroba mai bindiga ya zauna a gaba. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta sa kunne a bakinsa ta ji ko yana numfashi. Sau ɗaya ta kira sunansa, sunan da ba ta faɗa a gaban mutane, bai amsa ba.

A babban asibiti aka karɓe shi da gaggawa. Saminu ya ba da jini, wani ƙanen Uwaisu da aka kira ya zo ya ba da nasa. Likitocin can suka ce ruɓar ta riga ta hau, yankan kuma ya buɗe mata hanya. Suka cire ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ya farfaɗo, akwai ankwa a hannunsa ɗaure da ƙarfen gado, gandiroba na zaune a kujera. Ya dubi inda ƙafar take a da, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyar da fuska bango. Zulai ta zauna a ƙasa kusa da gadon.

Labari ya kai Kurmin Kogi. Zayyad ya riga ya warke, sai tabo a goshi. Da ya ji abin da saransa ya jawo, ya zo asibitin da kawunsa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kasa shigowa. Dattawan gari suka shiga maganar, aka je gaban alƙali aka ce an yi sulhu. Kafin a sallami Uwaisu daga asibiti aka zo aka kwance ankwar.

Dokta Mukarrama ta leƙo sau ɗaya. Ta ce ta karɓe mabuɗin kilinik ɗin, ta kai rahoto sama, ta nemi a turo nas ko da na aro ne.

"Za a turo?" Zulai ta tambaya.

"Na nema," in ji ta. "Ni kaina in na kwanta ciwo yau, babu wanda zai tsaya a madadina."

Uwaisu ya koma gida da sanda biyu. Ƙannensa suka karɓi gonar fadama, shi kuma ya koma zama a zaure yana gyaran buhuna da kwanduna. Ba ya son a yi maganar gidan yari. In an ambaci Hamisu sai ya ce, "Iyakar abin da ya sani ya yi." Zulai ba ta taɓa yarda da wannan maganar ba, amma ta daina musu da shi.

Bayan damina ta faɗi, wata mata ta yi sallama a gidan. Ta ce sunanta Mero, daga Dandamisa take, an kwatanta mata gidan ne a kasuwa. Ɗanta na can ciki yana jiran shari'a, kuma yana da farfaɗiya. Ta ji an ce Zulai ta san hanyar da ake bi a ga likita.

Zulai ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. "Ba a turo nas ba?"

"Wani ya zo, ya yi 'yan kwanaki, ya ce babu kayan aiki babu wurin zama, ya tafi. Ɗakin ya daɗe a rufe. Wani mai tari ya rasu a ciki, ba wanda ya ba shi ko ƙwaya. Fursunonin suka ƙi cin abinci, sai da aka buɗe."

"Wa aka ba mabuɗin?"

"Wani ne suke ce wa Dokta. Yana da kirki, shi ke yi wa yaron allura in ya faɗi."

Daga zaure Zulai ta ji sandar Uwaisu ta faɗi ƙasa. Ta dubi matar, ta ga yadda ta riƙe kofin ruwa da hannu biyu tana jiran amsa. Ta tashi ta ɗauko mayafinta, ta leƙa waje ta ce a kira mata Yaya Saminu ya zo da babur, za su je wajen Dokta Mukarrama.